Yadda Surajo Kemis Ya Yi Gayya Shi Kaɗai

A Nasarawa Burkullu babu wanda ya naɗa Surajo Kemis. Shi ya naɗa kansa, ya kuma sa aka rubuta masa sunan a bayan babur da jan fenti. Hujjarsa ita ce ya zauna jarrabawar kemistiri har sau uku, kuma a ganinsa wanda ya zauna abu sau uku ya fi wanda ya zauna sau ɗaya saninsa. Cewa sau ukun nan duka faɗuwa ya yi, wannan ba ya cikin labarin da yake bayarwa. Mu da muke zama teburin Makau mai shayi kowace safiya mun sha jinsa har mun haddace, domin Surajo ba ya iya kurɓar shayi sai ya gaya maka sinadarin da ke ciki.

A daminar 2017 Surajo na neman auren Sahura, 'yar Malam Arzika. Sahura ta gama sakandare da shekara uku, tana ɗinki a gida, tana kuma shirin sake zama jarrabawar kemistiri don ta samu shiga makarantar koyon aikin lafiya. An kai goro, an kai kaya, abu ɗaya ya rage kafin a sa rana. A garinmu, saurayin da ke neman 'yar mutum sai ya tara abokansa gayya sun nome gonar surukin. A nan ake gane ko yana da jama'a, ko kuma bayansa na lanƙwasuwa. Ita kuwa gonar Malam Arzika ta bakin rafi ba abin wasa ba ce. Tun da 'yan bindiga suka hana mutane zuwa gonakin daji, ita kaɗai ta rage masa, kuma dawar da ke cikinta ita ce abincin gidansa na shekara.

Wata safiya Makau yana juya shayi ya ce, "Kemis, yaushe za ka kira mu gayya? Ciyawa ta kai ga ƙwabri gonas surukinka. Mu ashirin mun ishe ta kahin azahar."

Surajo ya ajiye kofi a hankali, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar wanda aka kawo wa marasa lafiya.

"Gayya? Wanga zamani? Ku ashirin, da hauya ashirin, da ganga, da tuwon mutum ashirin wanda za ku ci ku ce bai isa ba? Abin da ni ɗai za ni yi da famfon feshi guda kahin ruwanka na biyu shi tahasa!"

"To ai maganin ciyawa ba baƙo na ba," in ji Makau. "Kowa na feshi. Gwangwanin madara guda ga kowane famfo, shi ke nan."

"Gwangwanin madara!" Surajo ya dafa kai. "Shi ya sa ƙasag ga ba ta ci gaba. An ba ku kimiyya kun auna ta da abin shan shayi. Ni da lissahi nika aiki, ba da gwangwani ba."

Da yamma ya sanya farar riga ya je ya durƙusa gaban Malam Arzika, ya yi masa bayani na kusan awa guda. Malam Arzika mutum ne mai ƙarancin magana. Ya saurara har ƙarshe yana jan carbi, sannan ya ce, "Surajo, gonag ga ita ɗai tar rage man. Mutum goma sha ɗaya ka ci cikinta. In kana son feshi ban hana ka ba, amma ka gwada wani wuri in gani da idona tukuna."

"Baba, gwaji ai na masu shakka na. Amma tunda kai kac ce, an gama."

Tun farkon neman auren Surajo ya ɗora wa kansa koya wa Sahura lissafin kemistiri, ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Kullum bayan la'asar sukan zauna a zaure, ita da littafinta, shi da bakinsa, Goggo Amariya ƙanwar Malam Arzika tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Wata rana suka iso wurin sauya ma'auni, wato mayar da lita zuwa mililita da mayar da mililita zuwa lita.

"Rubuta," in ji Surajo. "Lita guda, mili ɗari."

Sahura ta ɗago kai. "Dubu, Malam Surajo."

"Ɗari."

"Littahi ya ce dubu. Ga shi nan shahi na tara."

"Wad da ya buga littahin ya yi barci hannunai ya danna sihili na ukku. Ke duba, naira kwabo nawa ta?"

"Ɗari."

"Mita santi nawa?"

"Ɗari."

"To! Mi lita taf fi naira da za a ba ta dubu? Turawa ba su rarrabe abu hakanan. Komi nasu ɗari na."

"To kilo giram nawa na?"

Surajo ya yi ɗan tari. "Kilo na masu nama na. Ba kimiyya ba ce."

Sahura ta jawo littafin ta nuna masa da bakin alƙalami. Ta ce mili kashi ɗaya ne cikin dubu, santi ne kashi ɗaya cikin ɗari, don haka in za a mayar da lita mili sai a matsa ɗigo gida uku, ba biyu ba. Ta yi misali huɗu a gabansa, duka suka dace da amsar da ke bayan littafin. Surajo ya ce amsoshin bayan littafi ai mutum ɗaya ne ya buga su da na gaban, don haka shaidarsu ba ta karɓuwa.

Goggo Amariya ta tofar da ɓawon gyaɗa ta ce, "Ni ban yi boko ba, amma tun da kunka zauna, ita ka rubutu, kai ka tari. Wane na malamin?"

"Goggo, malami babba ba shi rubutu. Shina duba na."

Ranar gwaji Surajo ya zaɓi ciyawar da ke bayan rumfar Makau, don kowa ya gani. Ya zo da famfon feshi na goyo da ya aro, da kwalbar magani, da sirinji mai cin mili biyar, da fensir a bayan kunne. Takardar kwalbar ta ce a zuba lita sifili da ɗigo ɗaya da biyar a kowane famfo. Kemis ya tsuguna, ya matsa ɗigonsa gida biyu, ya samu mili goma sha biyar. Ya ɗibi sirinji uku ya tsiyaya cikin famfon cike da ruwa, yana ɗaga sirinjin sama yana ƙyasta shi da farce kamar mai shirin yi wa jariri allura.

"Wanga ɗan tsiyayen shi za shi kashe ciyawa?" in ji Makau. "Ko gindin gwangwani bai ruhe ba."

"Makau, kai dai riƙe shayinka. Kwana ukku za ka zo nan ka tarar da wurin kamar an share."

Kwana uku suka wuce, aka yi ruwa biyu. Bayan mako guda ciyawar bayan rumfar Makau ta zama abin kallo. Ta yi kore shar, ta yi tsawo, har wani Bafulatani da ya kawo nono kasuwa ya tsaya yana tambaya ko ta sayarwa ce. Makau ya riƙa kiran masu wucewa yana nuna musu. Wani ya ce a roƙi Kemis ya fesa wa gero irin wannan. Wani ya ce shi kansa mai sanƙo zai kawo. Surajo ya tsaya cikin ciyawar har gwiwa, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Jabu na! Ruwan bunu anka ɗura ga kwalba anka saida man. Lissahina bai da aibi!"

Ya wurga sirinjin bayan katanga, ya ce shi ma jabu ne.

Sahura ta ji labari. Da la'asar ta ce masa, "Malam Surajo, mili ɗari da hamsin ya kamata ka zuba, kaz zuba sha biyat. Kashi guda cikin goma ke nan. Maganin bai yi laihi ba."

"Ke kina nan ga dubunki?"

"Ina nan."

"To zauna. Ni na wuce wurin."

Ranar kasuwar Gummi ya ɗaure ragon da yake kiwo a bayan babur, ya kama hanya. Ya sayar da ragon, ya nufi rumfar wani mai maganin gona ana ce masa Bello. Ya ce a ba shi maganin ciyawar dawa mafi ƙarfi, na gaskiya, ba irin na ƙauye ba. Bello ya miƙo masa kwalba mai cin lita guda. Takardar wannan kuma da mili aka rubuta ta: mili ɗari da hamsin a kowane famfo. Kemis ya zaro fensir, ya jingina da buhun taki. Tunda ba shi da sirinji yanzu, sai ya ga gara ya mayar da lissafin zuwa kwalba. Ya raba ɗari da hamsin gida ɗari, ya samu ɗaya da rabi. Fuskarsa ta washe.

"Yauwa! Kwalba guda da rabi ga kowane famfo. Wanga shi na magani. Famfo takwas za ni yi, ba ni katan guda, kwalba sha biyu."

Bello ya tsaya da hannu a sama. "Katan? Gonag gari dut za ka fesa?"

"Gona guda."

"Malam, gona guda mai cin famfo takwas, kwalba guda da 'yar ƙari ta ishe ka. Gwangwanin madara guda kaka zubawa ga famfo."

"Kai ma gwangwani? Har Gummi cutag ga ta iso? Kai ɗan kasuwa na ko malamin kimiyya?"

"Ɗan kasuwa ni ke, shi ya sa nika mamaki. Yau na ga mai saye na tilasta ma mai saidawa."

"Ka zauna jarrabawak kemistiri?"

"A'a."

"Ni sau ukku. Ɗauko katan."

Bello ya kira maƙwabtansa biyu ya ce su zama shaida cewa ya faɗa, sannan ya ɗaura masa katan a babur. A hanyar dawowa, wajen wani kwari da ruwa ya cinye, babur ya zame, Kemis ya tafi gefe guda, katan ya tafi gefe guda. Ya shigo gari da magariba, rabin jikinsa laka, kwalabe goma sha biyu a cikin riga ya ƙulle su kamar mai tallan rake. Duk da haka bai wuce gida ba sai da ya tsaya ya jera su a teburin Makau don jama'a su ƙidaya.

Kafin isha labarin kwalba goma sha biyu ya shiga gidan Malam Arzika. Sahura ta ɗauki alƙalami. Ɗari da hamsin sau takwas, dubu da ɗari biyu, wato kwalba ɗaya da ɗan kaɗan. Ta sake yi, ta sake samun haka. Washegari da Surajo ya zo zaure ba ta ko buɗe littafi ba.

"Don Allah, Malam Surajo, ka ji ni. In ka zuba kwalba guda da rabi, ka ninka maganin sau goma. Dawab Baba ba ta ɗauka. Wanga ba gardamad darasi ba ta, abincinmu na."

"Sahura, lissahin littahi daban, lissahin gona daban. Na gona na maza na. Ke dai ki shirya guɗa."

"Na hwaɗa maka sau biyu, wanga na ukku."

"Ki hwaɗi sau ɗari. Ko sau dubu, tunda shi kika so."

Ya yi dariya shi kaɗai. Sahura ta tashi ta shiga ciki ta gaya wa mahaifinta. Malam Arzika ya fito, ya ce kada Surajo ya kuskura ya taka gonar sai malamin gona ya zo daga Bukkuyum ranar Juma'a ya duba lissafin. Surajo ya ce to, har da dafa ƙirji.

Amma maganar malamin gona ta tsaya masa a wuya. Yana tafe gida yana ƙunƙuni: wato wani zai zo daga Bukkuyum da hular kwano, ya dubi takarda, ya gyaɗa kai, a ce shi ya yi aikin? Da ya ji cewa Malam Arzika zai tafi Zugu ta'aziyya washegari Litinin, sai ya ga dama ta samu. Ana sallame sallar asuba, mai gonar na hawa bayan ɗan acaɓa, Kemis na saɓa famfo.

Mu warin ne ya kai mu. Muna zaune teburin Makau sai iska ta kawo wani abu mai hawa kai, har shayi ya sauya ɗanɗano. Muka bi warin har bakin rafi. Can muka tarar da Surajo a tsakiyar dawa, ya ɗaure hanci da ɗankwalin Innarsa, yana buga famfo yana taku kamar soja. Ruwan da ke fita fari fat, ya kwanta a ganye kamar an watsa nono. Kwalabe tara sun riga sun ƙare suna kwance a kan iyaka.

"Kemis, tsaya!" in ji Makau. "Ba an ce ka jira Jumma'a ba?"

"Kimiyya ba ta jira! Ku ja baya, ba wurin jahilai na ba!"

Murfin famfon bai rufu daidai ba, maganin yana bin gadon bayansa har cikin wando. Sai ga Kemis ya fara wani irin rangaji, yana buga famfo da hannu ɗaya yana susa da ɗaya. Wani daga cikinmu ya ce ga shi kuwa ya ce ba ya son ganga, amma rawa ta zo da kanta. Muka yi yunƙurin shiga mu karɓe famfon, ya juyo mana da bakinsa, kowa ya arce yana toshe hanci. Iska kuma ta kwashi feshin ta kai kan 'yar gonar kuɓewar Goggo Amariya da ke maƙwabtaka. Kafin hantsi ya yi zafi ya gama famfo takwas, ya faɗa rafi da tufafinsa yana gurzar baya da yashi, yana kuma ɗaga mana hannu daga cikin ruwa kamar wanda ya ci zaɓe.

Da Malam Arzika ya dawo ya ji abin da aka yi, bai ce uffan ba. Ya je ya tsaya a kan iyaka ya daɗe, ya koma gida. Surajo ya fassara shirun da cewa mamaki ne ya kama tsoho. Har ya samu mai shela ya zaga gari: ranar Juma'a bayan an sauko, kowa ya zo gonar bakin rafi ya ga yadda mutum ɗaya ya yi aikin mutum ashirin.

Ranar Talata ciyawa ta kwanta. Kemis ya kwana uku bai zauna ba saboda bayansa ya saɓule, amma a tsaye ya sha shayi yana ba mu lacca. Ranar Laraba dawa ta fara murɗewa, ganyenta ya naɗe, karan ya karkace.

"Kemis, dawa ta duƙa," in ji Makau.

"Hutawa takai. Da can tana kokawa da ciyawa, yanzu ta samu sarari."

Ranar Alhamis ganyen ya koma ruwan ɗorawa, bakinsa ya ƙone.

"Kemis, ta yi ja."

"Nuna ta soma. Maganin na sa amfani saurin nuna."

"Dawad da ba ta yi kai ba?"

"Makau, ka cika tambaya kamar alƙali."

Amma da sassafen Juma'a masu zuwa ɗiban ruwa suka gan shi a gonar da tarin ƙirare da tsummoki, yana kafa wa kowane karan dawa sanda yana ɗaure shi tsaye. Ya yi layin gaba guda biyu, waɗanda ake hangowa daga hanya, sannan lokacin masallaci ya yi.

Aka sauko, gari ya ɗunguma bakin rafi. Har mutanen ƙauyukan kusa da suka zo Juma'a suka biyo. Malamin gona ya iso a kan babur. Mata suka tsaya daga gefen hanya, Sahura na cikinsu. Surajo ya zo da farar rigarsa, ya kuma goyo famfon duk da ciwon baya, don hoto. Ya hau kan wata tsohuwar suri ya gyara murya.

"Jama'a, ku duba! Ko ƙwarar ciyawa guda kun gani?"

Gaskiya babu ciyawa. Babu kuma wani abu mai rai. Layi biyu na dawa na tsaye a ɗaure da tsumma, bayansu kuwa tun daga iyaka har rafi kara ne kwance, ja, a murɗe. Ana cikin kallo sai iska ta kaɗa, sandunan layin gaba suka bi juna suka zube.

Goggo Amariya ce ta fara magana. Ta keto maza da gindin kuɓewa a hannu, ganyensa ya dunƙule, ta kaɗa shi a hancin Surajo.

"Kai! Wagga mi tai maka? Ita ma ɗiyatta kaka nema? Miyad damana ta dut ka ƙone man, ɗan banza mai warin kwalba!"

"Goggo, wanga iska na, ba lissahi ba."

"Iska ta sayo katan Gummi?"

Malamin gona ya tsuguna ya tumɓuke kara ɗaya, ya dubi saiwar, ya shinshina ƙasar. Ya tambayi nawa aka zuba a famfo. Surajo ya ɗaga ƙirji ya ce kwalba ɗaya da rabi, bisa ƙa'ida. Mutumin ya cire hularsa ya sake sawa. Ya ce wannan ƙasa ba za ta karɓi wani iri bana ba, ko wake aka shuka ba zai tashi ba, sai dai a jira ruwa ya wanke ta zuwa baɗi.

Dariyar da ake yi ta tsaya cak. Ni kaina da nake ba ku labarin nan ina dariya, a wannan lokacin kunya ce ta kama ni, domin mun ga abin yana zuwa tun daga bayan rumfar Makau, muka mayar da shi nishaɗin shan shayi. Malam Arzika ya shiga gonar a hankali, ya ɗauki kara ɗaya ya murza, ya zama gari a hannunsa.

"Mutum goma sha ɗaya, Surajo," ya ce. "Na hwaɗa maka."

Kowa ya zaci nan Kemis zai durƙusa. Ina! Sai ya zaro fensir daga bayan kunne.

"Baba, a yi adalci. Ɗari da hamsin a raba gida ɗari, ɗaya da rabi. Kowa shi lissahta! In akwai kuskure, na masu buga takardak kwalba na. Ni ina da shirin rubuta masu wasiƙa."

Sahura ta fito daga cikin mata. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki ɗaya daga cikin kwalaben da ke yashe a kan iyaka, ta juya ta, ta miƙa wa malamin gona ta ce ya karanta ƙasan takardar. Ya karanta da ƙarfi: lita ɗaya, mili dubu. A jikin kowace kwalba an rubuta, duka goma sha biyun.

"Su ma sun yi kuskure," in ji Surajo, amma muryar ta sirance. Ya juya wajenta. "Sahura, ke kin san niyyata. Hwaɗa ma Baba. Sihili guda na kawai. Don sihili guda ba a tada aure."

Malam Arzika ya dubi 'yarsa. "Ke za ki zauna da shi, ba ni ba. Mi kic ce?"

Sahura ta dubi Surajo. Idonta ya kawo ruwa, domin ta so shi, wannan kowa ya sani. Sannan ta ce, "Baba, da kuskure na kawai, da na roƙe ka ka yahe mai. Ni ma na hwaɗi jarrabawag ga. Amma sau ukku ina hwaɗa mai, da littahi ga hannu, har da roƙo. Bai duba ba ko sau guda, don daga bakina maganat taf fito. Yau gona ta. Gobe ɗana na kwance ba lahiya, in ce cokali guda likita yac ce, shi ce goma. A maida masu kayansu."

Ta juya ta kama hanyar gida, Goggo Amariya na bin ta da gindin kuɓewarta. Malam Arzika ya karkaɗe hannu ya bi bayansu, jama'a suka buɗe masa hanya.

Surajo na nan kan suri da famfo a baya da fensir a hannu. Ya buɗe baki. Mu da muka san shi tun yana rarrafe muka tsaya, muna jiran mu ji wa zai ɗora wa wannan kuma. Ya dubi hanyar da Sahura ta bi, ya dubi gonar, ya rufe bakin.